Ba Kunya Ba Ce

Shafi na 17

Salamu alaikum mutanen gidan nan. Masu cewa na ɓace, ga ni, ban mutu ba, wuta ce ta yi kwana uku ba ta leƙo unguwarmu ba. Ke kuma da kika rubuto cewa Sakinatu muguwar uwa ce, a ɗauke ta a jefa a Kwara, na gani. Ki karanta na yau tukuna, sai mu zauna mu ga wa za a fara jefawa. Ni dai da nake rubuta shi sau biyu ina ajiye wayar.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Wata tungar masunta ce kusa da Illo, a satin da aka ba Nijeriya mulkin kai. Sakinatu matar Attahiru masunci ce. Ɗansu ɗaya, Usuman, amma kowa Cindo yake ce masa saboda yatsa shida da ya zo da shi. Shekararsa biyar, ya gagari tunga. Ya yanka taru, ya fasa tuluna, ranar Talata kuma ya ciji kunnen Audi ɗan maƙwabta har jini ya wanke wa yaron kafaɗa. Kakarsa Iya Barira ta yanke hukunci: yau wan ubansa Ma'azu zai tafi da shi Dahome riƙo, ba ranar dawowa. Kowa kuwa ya san Ma'azu da dorina yake gyaran yaro.

*

Hantsi ya ɗaga lokacin da Goggo Mairama ta yi sallama. Ƙanwar uban Sakinatu ce, ita ta yi mata wankan jego, daga Geza ta zo kallon bikin mulkin kai. Kiɗan Illo har nan ana jin sa, kwana uku ke nan makaɗa ba su huta ba.

Hayaƙi ta fara cin karo da shi.

"Subhanallahi! Sakinatu, banda kika yi ko gobara?"

Sakinatu tana tsugune gaban murhun banda, kifi yana ƙonewa a gabanta, idonta na kansa amma ba shi take gani ba. Sai da aka sake kiranta ta zabura.

"Maraba Goggo. An zo lahiya?"

"Lahiya lau. Juya kihin ga tukuna, mu gaisa daga baya."

Iya Barira ta fito daga ɗaki da ƙunshin kayan yaro, riga biyu da ɗan bargo. Suka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi ruwan bana. Sannan Iya ta zayyana mata komai, tun daga tarun har zuwa kunnen Audi.

"Yau za shi tahi. Mun gaji da ba mutane haƙuri."

"Uwatai ta yarda?"

Iya Barira ta yi dariya, irin ta mai alfahari.

"Ke dai kin yi tarbiyya, Mairama, Allah shi biya ki. Shekara biyar ban taɓa ganin yarinyar ga ta ɗauki yaron ga gaban mutane ba. Ba ta yi mai wasa, ba ta dubinai. Ga shi yau za a tahi da shi, dube ta, ko gezau. Irin wagga kunya ta ƙare a duniya."

Ku 'yan zamani da kuke ɗora hoton ɗan fari a waya tun cibiya ba ta faɗi ba, ba za ku gane ba. A wancan lokacin uwar da ta kau da kai daga ɗanta na fari ita ce 'yar mutunci. Har misali ake yi da Sakinatu a tungar nan, ana ce wa amare su koya.

Sakinatu ta ji yabon. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da juya kifin da ya riga ya zama gawayi.

"Ina angon nawa?" in ji Goggo.

"Ga shi can bayan rumfa. Na ɗaure shi, kada shi tsere kahin Ma'azu shi gama loda jirgi."

Da igiyar jirgi aka ɗaure masa ƙafa ɗaya a jikin turke. Yana zaune a ƙasa, yana buga ƙeyarsa da turken a hankali, gwaf, gwaf, kamar mai bin kiɗan Illo. Ba kuka yake ba. Da ma Cindo ba ya kuka, abin da ya fi ba mutanen tunga tsoro ke nan.

Goggo ta zauna nesa kaɗan, don ta ji labarin haƙoransa.

"Ango, haka aka tarbon amarya? Na taho tun daga Geza, ko ruwa?"

Ya harare ta.

Ta kwance bakin zane ta miƙa masa ƙuli-ƙuli. Ya karɓa ya jefe ta da shi. Ta tsince abinta, ta hure ƙasar, ta jefa a baki tana tauna da sauran haƙoran da Allah ya bar mata. Na biyu ma haka. A na uku sai ya riƙe.

"Tsuhwa ta cinye min kai," in ji ta. "Mi na na sunanka ma?"

"Cindo."

"Wa ka ce ma haka?"

"Kowa."

"Har Innakka?"

Ya girgiza kai.

"To ita mi taka ce ma?"

"Gusa."

"Mi?"

"Gusa. Shi na sunana wurin Inna."

Ba da fushi ya faɗa ba. Faɗa ya yi kamar yaron da aka tambaya ina hanyar rijiya.

"To ango, hwaɗa min. Don mi kac ciji Audi? Ya zage ka?"

"A'a."

"Ya amshe ma abu?"

"Innatai ta aza shi bisa cinya. Tana yi mai cakulkuli."

"Sai ka cije shi?"

Ya shiga murza ɗan yatsan nan na shida. Can ya ce:

"In na yi cizo Inna na zuwa."

"Tana zuwa?"

"Da gudu. Tana kama ni nan." Ya nuna damtsensa, inda sawun yatsu bai gama ɓacewa ba. "Ran da na hwasa tulu ma ta zo. Ta dube ni. Ta daɗe tana dubina."

Wani abu ya faɗi a bayan zana. Goggo ta waiga. Faifan kifi ne a ƙasa, ga Sakinatu tsaye, hannunta biyu a baki. Ta ji komai.

Ta juya ta shige ɗaki.

*

Goggo ta bi ta, ta saki asabari. Sakinatu tana zaune a gefen gado, ta haɗa kai da gwiwa.

"Kin ji abin da ɗanki yac ce?"

Sakinatu ba ta ɗago ba.

"Da ke nika magana. Kunya hauka ta? Mu ma mun yi kunyar ɗan hwari, amma in an shiga ɗaki an saki asabari, ai uwa na rungume abinta, ta sunsuna kainai, ta ba shi loma a ɓoye. Kunya ta idon mutane ta. Ke har cikin ɗaki?"

"Ba kunya ba ta, Goggo."

"Mi kic ce?"

Ta ɗago. Idonta a bushe, kuma wallahi gara a ce hawaye ne a ciki.

"Nic ce ba kunya ba ta. Ban taɓa jin kunyatai ba ko rana ɗaya. Ban jin komi na. Tun kwana uku da haihuwatai wani abu ya sauko min, kamar an jiƙa bargo an ruhe ni da shi. In na dube shi, kamar ina dubin ƙwaryar wani. In ya yi kuka sai in ji ina son in shige ƙasa. Nono ma bango nika dubi in ba shi."

"Attahiru na dukanki?"

"Bai taɓa ba."

"Iya na takura miki?"

"Ba ta yi min komi ba."

"Yunwa?"

"Ga kihi nan har kare ya gaji."

"To mi na na?"

"Shi na ban sani ba! Da da dalili, Goggo, da na ji sauƙi. Ba wanda yam mutu, ba wanda yaz zage ni. Sai gari shi waye in ji tashi ya fi ƙarhina. Abinci kamar rairayi. Ana biki, ana dariya, ni kamar ina ƙarƙashin ruwa ina jin su can sama. Wata rana shi ɗan sake ni, in ce yau za ni ja yaron ga jikina. Sai shi matso, shi taɓa min zane, in ji nauyin ya dawo. Sai in ji bakina ya ce gusa. Ban san shi kaɗai yaka ji daga gare ni ba. Wallahi ban lura ba."

Muryarta ta karye a nan.

"Kuma kowa na yabona. Duk wadda tac ce kai wagga da kunya take, sai in ji ni kamar ɓarauniyar da anka ba ajiya. Na ɓoye cikin kunyar ga shekara biyar. Ana cewa yaro na da iska, an ba shi rubutu, an yi mai turare, an duke shi. Ni ko na san ba iska ba ta. Ni ta."

Goggo ta dafe ƙirji.

"Shekara biyar, Sakinatu! Ba ki da baki? Don mi ba ki hwaɗa ma kowa ba?"

Sakinatu ta dube ta. Wani irin kallo ne da Goggo ba ta taɓa gani a fuskar yarinyar nan ba.

"Na hwaɗa."

"Ga wa?"

"Gare ki."

"Ni?"

"Ran sha biyu ga wanka. Bayan ɗakin Baba, can Geza. Kina yarhwa min ruwan zahi da ganyen runhu. Nic ce Goggo ban jin son yaron ga, tsoro nika ji. Kin tuna abin da kic ce?"

Goggo ta sunkuyar da kai. Ta tuna. Ai irin wannan ba ya mantuwa, sai dai mutum ya tura shi ƙarƙashin gado ya ɗora kaya a kai.

"Hwaɗi mana, Goggo."

"Nic ce... nic ce kul."

"Sai mi?"

"Nic ce kada in ƙara jin wagga magana, za a ce kin taɓu, a maido muna ke gida." Muryarta ta koma can ƙasa. "Nic ce ki gode Allah ɗan hwari na, ki kau da kai kawai, ba wanda za shi gane."

"To ba wanda yag gane. Kin yi gaskiya."

Kiɗan Illo kawai ke shigowa ta ƙofar asabari.

Jama'a, kafin ku juya kan Goggo da zagi, ku tsaya. Mu nawa ne aka taɓa zuwa wurinmu da irin wannan magana muka ce a yi haƙuri, a yi addu'a, kada a bari kowa ya ji? Ni na taɓa faɗa wa wata, kuma har yau in na tuna raina ba ya min daɗi.

Goggo ta zame daga tsaye ta zauna a ƙasa daɓas, ta cire kallabinta ta riƙe a hannu.

"Kin san Bunyaminu?"

"Ɗanki na Kumasi."

"Ɗana na hwari. Shekara sha tara rabona da shi. In 'yan goro sun zo yana aiko ma kowa gaisuwa, har da makahon ƙohwar gidanmu. Ni ko sau ɗaya." Ta share hanci da kallabin. "Abin da yas same ki shi yas same ni a kainai. Sak. Nih hwaɗa ma uwata, tac ce kul. Shi ma haka yat tashi, hwaɗa, jihwa, ya taɓa sa ma rumbu wuta. Anka ba da shi riƙo yana shekara huɗu. Na tsaya bakin ƙohwa ban ce uffan ba, mata na yaba kunyata."

"Ba ki taɓa hwaɗa min ba."

"Wa ka hwaɗin irin wannan? Ran da kiz zo min da maganar ga, tsoro ya kama ni, kamar an tone min kabari. Sai na ba ki abin da anka ba ni. Na cuce ki, Sakinatu. Na cuci yaron can da ka ɗaure ga turke. Ki yahe min, in za ki iya."

Sai yanzu hawayen Sakinatu suka zubo. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun tana amarya, kafaɗunta na rawa, Goggo na riƙe da ƙafarta ita ma tana nata. Sun daɗe a haka, ba wadda ta lura da tsawon lokacin.

"Yana warkewa?" in ji Sakinatu daga baya. "Abin ga. Yana barin mutum?"

"Ya bar ni. Ba dare ɗaya ba. Wata maƙwabciyata ta, Allah shi jiƙanta, kullum sai ta shigo ta zauna, ta amshe min daka, ta ja ni da magana har in amayar da abin da ka cikina. A hankali na hwara jin ɗanɗanon gishiri. Amma ran da nif farka, ina neman ɗana in rungume, ya yi shekara biyu gidan wasu. Da anka kawo shi ganin gida, bayan matar da ta riƙe shi yal laɓe."

Sakinatu ta girgiza kai.

"Ni na so tahiyar ga, Goggo. Da Iya ta kawo maganar, daɗi naj ji, Allah shi gahwarta min. Nic ce ni ta ciwonai, in ya yi nisa da ni sai shi warke."

"Ni ma haka nic ce."

"To in ya zauna, mi za ni ba shi? Ba ni da komi a nan." Ta bugi ƙirjinta.

"Yaron da ka cizon mutane don ki kama mai hannu, kina tsammanin abu mai yawa yaka nema? Ki zauna kusa da shi. Ko ba ki ji komi ba, ki zauna. In ya taɓa zanenki ki bar shi. Ni za ni aika Geza a kawo min kayana, ba ni tahiya sai kaka ta wuce. In amshe miki bandar ga da kika ƙonawa, ke ki ji da shi. Amma in dorinar Ma'azu ta hau bayan yaron ga, kin rasa shi, ko da an maido miki shi gobe."

"Iya ba ta yarda."

"Iya ba ta san komi ba. Tashi ki hwaɗa mata abin da kih hwaɗa min."

"Za su ce na taɓu."

"Su ce. Ni sun ce min mai kunya, ga ni nan. Mi nas samu?"

Sakinatu ta goge fuska da bakin zane. Ta miƙe. Ta ɗaga asabari ta fita, Goggo na biye.

Bayan rumfa ta fara nufa.

Turke na nan. Igiya na nan a ƙasa, an kwance ta. Ga rabin ƙuli-ƙuli a gefe, tururuwa sun fara taruwa.

"Iya! Iya, ina yaron?"

Iya Barira tana tsince kifin da ya zube a faifai, hankalinta kwance.

"Sun sauka bakin ruwa tun ɗazu. Ma'azu ya ce iska za ta tashi in rana ta take. Ubanai ya raka su."

"Ba a kira ni ba?"

Iya ta ɗago da mamaki na gaskiya.

"A kira ki ki yi mi? Uwar ɗan hwari na bankwana? Ai don kada a kunyata ki nic ce su zare jiki su tahi. Na san halinki, ɗiyata. Na hutasshe ki."

Da kyakkyawar zuciya ta faɗa, har da murmushi.

Sakinatu ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ba mayafi, ba takalmi, ta fice da gudu. Matar da shekara biyar ba a taɓa ganin ta ɗaga ƙafa da sauri ba, ga ta tana tsallake tarunan da aka shanya, tana ture yara masu 'yan tutocin takarda, ƙaya ta soke ta ba ta ji ba. Iya na baya tana salati, Goggo na haki tana cewa a bar ta.

Bakin ruwa cike yake da mata masu wanki da masu jiran jirgin Illo. Kwara ta cika ta batse da ruwan ƙarshen damina, ja wur, tana gudu.

Jirgin Ma'azu ya riga ya bar gaɓa. Attahiru na tsaye cikin ruwa iya gwiwa, shi ya tura shi. Ma'azu yana can baya, hannu biyu a kan gorar tuƙi, yana kokawa da igiyar ruwa. A tsakiya, tsakanin kwandunan kifi, ga Cindo zaune ya ba gari baya. Bai waiwayo ba. Wa zai waiwayo ya gani?

"Sakinatu?" in ji Attahiru. "Lahiya? Mi yah hito da ke haka?"

Ba ta ko gan shi ba. Ta shiga ruwan har ya kai mata cinya. Ta buɗe baki, sai ta rasa da me za ta kira shi. Cindo na kowa ne. Ɗayan kuma, na yanka, sunan marigayi uban mijinta ne, sunan da bakinta bai isa ya furta ba ko a cikin ɗaki, balle a gaban Iya, gaban miji, gaban duk matan tunga.

Jirgin yana ƙara nisa.

Ta cika ƙirjinta da iska.

"USUMAN!"

Masu wanki suka tsaya cak. Wata ta saki sabulunta ruwa ya tafi da shi. Iya Barira ta ɗora hannu a ka.

"Usuman! Ni ta! Innakka ta!"

Yaron ya juyo a hankali. Ya dubi gaɓa, yana neman mai muryar a cikin mata. Ya gan ta tsaye cikin ruwa, ta miƙo hannu biyu, kuma shi take kallo. Bai ciji kowa ba, bai fasa komai ba, amma shi take kallo.

Ya miƙe tsaye. Jirgin ya yi tangal-tangal.

"Kai! Zauna!" Ma'azu ya daka tsawa, amma ba dama ya saki gora, ruwa zai juya su. "Zauna nic ce!"

Cindo bai ji shi ba. Idonsa na kan uwarsa, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ɗora a bakin jirgin.